Ranar da Aka Ɗora Addu'a a Kan Sikeli

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanku da wannan lokaci.

Akwai tambayar da mutane da yawa kan yi a zuci su haɗiye, don gudun kada a ce imaninsu ya yi rauni: shin addu'a tana canza wani abu a zahiri, ko kuwa hankali kawai take kwantarwa? Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadon majinyaci yana roƙo har muryarsa ta dishe, gari ya waye aka ja mayafi aka rufe wa majinyacin fuska, ya san wannan tambaya ko da bai taɓa furta ta ba. Shi ma wanda likita ya ce masa ya fid da rai, sai ga mara lafiyarsa ya tashi zaune yana neman ruwa, yana da tasa amsar, kuma ba mai iya raba shi da ita.

An daɗe ana wannan ja-in-ja da baki, har aka samu waɗanda suka ce a bar musu, a kawo alƙaluma. A shekarar 1872 wani Baturen Ingila mai suna Francis Galton, dangin masanin kimiyyar nan Charles Darwin, ya yi wani lissafi mai ɗan tsokana. Ya ce ba waɗanda ake yi wa addu'ar tsawon rai a ƙasarsu kamar 'yan gidan sarauta, tun da kowace Lahadi sai an ambace su a majami'u. To su suka fi kowa daɗewa a duniya? Da ya duba, sai ya tarar mazan gidan sarauta kan rasu a wajen shekara 64, su kuwa sauran masu hannu da shuni da ba wanda ya damu ya yi musu addu'a a bainar jama'a suna kaiwa 70. Ya ƙara da cewa kamfanonin inshora, waɗanda ba sa wasa da riba, ba su taɓa rage wa jirgin ruwan da ke ɗauke da masu wa'azi kuɗi ba don ana yi masa addu'a. Abin da masu ambato Galton kan manta shi ne, a wannan rubutun ne kuma ya yarda cewa addu'a tana ƙarfafa zuciyar mai yin ta, tana sauƙaƙa masa nauyin da ke ƙirjinsa.

Bayan shekara ɗari da ɗoriya sai likitoci suka shigo. A 1988 Dakta Randolph Byrd ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a wani babban asibiti na San Francisco a Amurka, kan masu ciwon zuciya 393. Ya ce waɗanda aka yi wa addu'a sun ɗan fi sauran samun sauƙi a wasu fannoni. Masu imani suka yi ta murna. Masu suka kuwa suka ce ya auna abubuwa da yawa ainun, kuma wanda ya yi ta jifa ba ƙaƙƙautawa ai dole wani dutsen ya sami tsuntsu.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen shi ne na Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard, wanda aka buga a 2006. Ku lura, Benson ba maƙiyin addini ba ne, ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda natsuwa ke taimakon jiki, kuma Gidauniyar Templeton da ta ba da kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 2.4, ba ta adawa da imani. An ɗauki mutum 1,802 da za a yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya a asibitoci shida, aka raba su kashi uku. Kashi biyu an ce musu wataƙila a yi muku addu'a, wataƙila ba za a yi ba. Ɗaya aka yi wa, ɗaya ba a yi wa ba. Kashi na uku aka tabbatar musu ana yi. Wasu ƙungiyoyin Kirista uku suka yi ta roƙo har kwana 14, tun daga daren jajibirin tiyatar. Da aka ƙirga waɗanda suka gamu da matsala bayan aiki, sai aka samu kashi 52 cikin 100 a waɗanda aka yi wa addu'a ba su sani ba, kashi 51 a waɗanda ba a yi wa ba. Wato babu bambanci. Waɗanda suka san ana yi musu kuwa, kashi 59. Wasu na ganin fargaba ce ta kama su: ashe ciwon nawa ya kai a tara mini masu addu'a?

Nan mai shakka yake tsayawa ya ce gani ya kori ji. Kuma hujjarsa ba ta tsaya a asibiti ba. Yana cewa ɗan Adam yana riƙe roƙon da ya dace da abin da ya faru, ya manta guda ɗari da suka wuce shiru. Wanda ya tsira daga hatsari shi ke ba da labarin addu'ar da ya yi, waɗanda suka rasu a motar kuwa, wa ya san abin da ke bakinsu? Sannan yana da wata tambaya mai kaifi: in an samu ka ce an karɓa, in ba a samu ba ka ce akwai hikima, to wane abu ne zai faru ka yarda ba ta yi aiki ba? Ni dai ban ga amfanin yi wa mai wannan tambaya tsawa ba. Tambaya ce ta mai hankali.

Sai dai mai imani shi ma ba bakinsa ya mutu ba. Zai ce me kuka auna? An ba baƙi sunan farko da harafi ɗaya na sunan ƙarshe na mutumin da ba su taɓa gani ba, aka rubuta musu kalmomin da za su faɗa, aka yanka musu kwanaki, kamar ana rubuta ƙwayar magani safe da yamma. Kuma kashin da aka ce ba a yi wa addu'a ba, wa ya hana iyayensu mata da matansu ɗaga hannu? Babu likitan da zai iya ware majinyacin da ba mai roƙa masa sauƙi a duk faɗin duniya.

Wani likita a Isra'ila, Leonard Leibovici, ya nuna iyakar irin wannan awo ta hanya mai ban dariya. A shekarar 2000 ya sa aka yi wa rabin wasu majinyata 3,393 addu'a, alhali sun yi jinyarsu sun gama tun tsakanin 1990 da 1996. Da aka buɗe tsofaffin takardunsu, sai alƙaluma suka nuna waɗanda aka yi wa addu'ar sun ɗan riga barin asibiti. Addu'a ta koma baya ke nan ta warkar da jiya? Shi kansa manufarsa ita ce a gane alƙaluma na iya haifar da abin da hankali ba zai ɗauka ba.

A nawa ganin, abin da waɗannan gwaje-gwaje suka kayar shi ne addu'ar da aka mayar na'ura, ka danna nan abu ya faɗo can. Kuma manyan addinan ba su taɓa yin wannan alkawari ba. Alƙur'ani a Suratu Gafir, aya ta 60, ya ce ku roƙe Ni in amsa muku, amma hadisi ya fayyace cewa amsar iri uku ce: a ba mutum nan take, ko a ajiye masa sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. A Linjila, Yesu a lambun Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya ce ba nufina ba, naka za a bi. Mai roƙo bawa ne a gaban Ubangiji, ba mai ba da umarni ba. Amma fa wanda ya riƙe wannan, adalci shi ne ya kira shi da sunansa, imani, ya daina cewa kimiyya ta tabbatar. Ba ta tabbatar ba. In ka ƙi sikeli ranar da ya juya maka baya, kada ka ɗauko shi ranar da ya yi maka murmushi.

Waɗanda ya kamata wannan magana ta hana barci su ne masu sayar da addu'a da tabbacin waraka, a kowane addini suke. Su ne ke ce wa mai ciwon sukari ya ajiye allurarsa, su ce wa uwa kai yaro asibiti ƙarancin imani ne, in abin ya ɓaci kuma su ɗora wa mamacin laifi, wai bai gaskata sosai ba. Mai shakka da mai imani na gaskiya ba su da saɓani a kan waɗannan. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi magani, kuma da wani ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Wannan muhawara ma ta taɓa tashi tsakanin manyan sahabbai biyu. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yana kan hanyarsa ta zuwa Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya same shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da mutanensa, ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Umar ya ce ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Dukansu biyu mutane ne masu yawan addu'a, dukansu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Umar ya koma Madina da jama'arsa. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa a Sham, kuma a annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Allah ya karɓi ransa.