Da zan zauna da kaina ina ɗan shekara 20

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin ƙasar nan ya fara kankama. Yau ba yawo za mu yi ba. Zama zan yi in yi magana da wani yaro ɗan shekara 20, wato ni kaina a wancan lokacin, ku kuma ku kasa kunne, don na san da yawanku shekarunku ke nan, ko na ƙannenku.

Ba zan ce masa ya dage ko ya yi haƙuri ba, waɗannan ya ji su har kunnensa ya gaji. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, abubuwan da za su fi ba shi wuya nan da shekara 15, yau ko ƙaiƙayi ba sa yi masa. Shi ya sa ba ya waiwayarsu.

To yaro, fara da takardunka. Ɗauko takardar haihuwa, takardun makaranta, katin shaida, fasfo da takardar banki, ka shimfiɗa su wuri guda. Duba haruffan sunanka ɗaya bayan ɗaya. Muhammad, Muhammed da Mohammed a wurinka mutum ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne, kuma ma'aikacin da ke bayan gilashi abin da kwamfuta ta nuna masa shi zai bi. Duba kuma jerin sunayen, wanne aka sa a matsayin sunan iyali, wanne ne na yanka. Sai ranar haihuwa. A Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 03/04 a can 4 ga Maris ce, a yawancin ƙasashe kuwa 3 ga Afrilu. Wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya tsayar da neman biza ko buɗe asusu. In ka ga saɓani, gyara shi yanzu kana kusa da hukumar da ta ba da takardar, domin ita kaɗai ke iya gyarawa, sau da yawa ma sai ka je da ƙafarka. Ranar da ka yi nisa, gyaran harafi ɗaya sai ya ci maka watanni. Tun ran gini, ran zane.

Buɗe fasfonka ka kalli ƙasan shafin hoto. Akwai layi biyu, kowanne da gurbi 44. Su na'ura ke karantawa, kuma yadda sunanka ya fito a nan haka za ka riƙa rubuta shi a tikitin jirgi da kowace takarda har abada. Kada ka jira fasfo ya mutu kafin ka sabunta. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6, ƙasashen Shengen kuwa, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna son ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita daga cikinsu, kuma kada ya wuce shekara 10 da bayarwa. Kowace takarda ka ɗauki hotonta a fili, ka ajiye kwafi uku, ɗaya a wayarka, ɗaya a intanet, ɗaya bugagge a hannun wanda ka amince da shi a wani gida daban.

Kafin in manta, layin wayarka. Imel ɗinka da bankinka duk a kansa suke rataye. In layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani zai janye shi ya sayar wa wani, daga nan lambar sirrin da ake turo maka ta koma hannun baƙo. Shiga asusunka na Google, akwai lambobin ko-ta-kwana guda 10 da yake bayarwa don ka iya shiga asusun in ka rasa layin, ka rubuta su a takarda ka haɗa da fasfo.

Yanzu kuɗi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Riƙe lamba 72 a kanka. In ka raba 72 da kuɗin ruwan da aka ɗora wa bashi, abin da ya fito shi ne kusan lokacin da bashin zai ninka. Kashi 24 cikin ɗari a shekara, shekara 3 ke nan. Kashi 36, shekara 2. Inda ake yaudarar matasa shi ne a faɗa musu na wata. A ce maka kashi 5 ne kacal a wata, ka ji kamar ba komai. Raba 72 da 5, wata 14 da 'yan kwanaki bashin ya zama biyu, domin ruwan wannan watan yana hawa kan na watan jiya, a shekara ya kusa kashi 80. Duk wanda zai ba ka rance, tambaye shi abu ɗaya: jimillar abin da zan biya daga farko har ƙarshe nawa ne? Ya rubuta maka. In ya fara kwana-kwana, tashi ka tafi. In kuma ka zo ƙasar da ake amfani da katin bashi, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin abin da za ka iya biya a wata. Kada ka bi wannan. Yawancinsa kuɗin ruwa yake biya, uwar kuɗin tana nan zaune. Biya duka a ƙarshen wata, ko ka bar katin a aljihu.

Lissafin nan na 72 yana aiki a kan ajiyarka ma. In tsadar kaya tana hawa da kashi 12 a shekara, kuɗin da ka ɓoye bai motsa ba, cikin shekara 6 rabin abin da yake saya yau zai saya. Saboda haka ajiya iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, wadda za ta riƙe ka wata 3 zuwa 6 in aiki ya tsaya, ita kam a bar ta inda hannu zai kai da sauri. Abin da ya haura wannan, a sa shi cikin abin da ke riƙe daraja ko a ƙara ilimi da shi. Kuma ranar da albashi ya shigo ake cire ajiya, ko da kashi 10 ne. Wanda ya ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage.

Kada ka sa hannu ka tsaya wa wani a kan bashin da kai ba za ka iya biya ba. Sa hannun nan ba shaida ba ce cewa mutumin kirki ne. Alkawari ne cewa in ya gaza, kai za ka biya. Wanda kake ƙauna, ba shi abin da za ka iya yafewa, zumuncinku ya tsira.

Sai jikinka, wanda yanzu kake gani kamar ƙarfe. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru da shi yana jin garau, alhali yana cin ƙoda da jijiyoyin ido da zuciya. Auna shi ko sau ɗaya a shekara, kuma ka auna daidai. Zauna minti 5 ka huta, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba kofi ba sigari minti 30 kafin nan. Auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. In ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban-daban, je wurin likita, kada ka tsaya jiran ciwon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a samu motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Haƙori da kunne kuwa, abin da ya tafi ya tafi. Farin ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa. Goge baki sau biyu a rana, minti 2, da man da ke da fuloraid, ka tofar kada ka kuskure da ruwa nan take, don maganin ya zauna. Abin jin sautin da ke kunnenka dare da rana, a ƙarfin desibel 80, wato ma'aunin ƙarar sauti, kusan awa 40 a mako kunne ke iya ɗauka ba tare da illa ba, in ya kai 90 sai ya dawo awa 4. In ka cire ka ji kunne yana ƙara, gargaɗi ne, rage sauti.

Gwajin jini biyu nake roƙonka ka yi cikin wannan watan. Na farko ciwon hanta nau'in B, shi ma shiru yake ɓarna. In ba ka da shi, akwai rigakafi allura uku, ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na 6. Mutane da yawa suna yin ta farko su manta sauran, to cika su.

Na biyu, kuma wallahi wannan yana taɓa min zuciya, gwajin sikila. San rukuninka, ko AA ne mara sikila, ko AS mai ɗauke da ita ba tare da ciwon ba, ko SS mai ciwon, tun kafin ka fara neman aure, ba sai an sa rana ba, lokacin da rabuwa ta zama kamar yankan nama. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa da SS. Ka ji da kyau, kowane ciki. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun kuɓuta ba, lissafin sabo yake komawa duk haihuwa. Kuma ka tambayi irin gwajin da za a yi maka. Akwai na sauri wanda kawai yake nuna akwai S a jini, ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin nau'in C, alhali AS da AC ma suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in ciwon sikila ne. Nemi wanda ake kira elektroforesis, ka karɓi sakamakon a rubuce, ka maimaita a wani ɗakin gwaji daban don tabbatarwa, sannan ka ajiye takardar tare da fasfonka.

Yatsuna sun fara ƙagewa, bari in shiga ciki. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.