Jawabin ma'ajiya a taron ƙungiya na Manchester kan tsuke bakin aljihu

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Bolton da Oldham da Leeds cikin wannan ruwan, da waɗanda daga shif ɗin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba. Allah ya ba da ladan zumunci.

Shugaba ya ce in yi magana kan tattali tunda littafin kuɗin ƙungiya a hannuna yake, kuma gaskiya littafin nan yana nuna min abin da mutane ba sa faɗa da baki. Mutumin da da bai taɓa makara da kuɗin wata ba yanzu sai ya turo saƙo can cikin dare ya ce Hajiya a ɗaga min ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ba zan kama suna ba har abada, amma ku sani ba mutum ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma wasunsu ranar taro su ne suka fi kowa shiga mai kyau. Wannan ne ya dame ni, shi ya sa na karɓi maganar.

Kowa ya san yadda aka zo nan. Gas ya fara tashi tun ƙarshen 2021, Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022 abin ya ƙara lalacewa. Iyakar da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da gas, ke sa wa bil ɗin wuta da gas na matsakaicin gida fam 1,277 ce a shekara a Oktoban 2021, zuwa Afrilun 2022 ta koma 1,971, a Oktoba kuwa da 3,549 za ta kai sai gwamnati ta tsayar da ita a 2,500. A wannan watan hauhawar farashi ta kai kashi 11.1, rabon da a ga haka a ƙasar nan an yi shekara 41, na abinci ma ya haura kashi 19 a Maris ɗin 2023. Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga 0.1 har 5.25, masu gidajen haya kuma suka juyo da shi kanmu. Yanzu a labarai za ku ji an ce abin ya lafa, to lafawar tashi ce kawai, man girki da madara ba su koma farashin da ba, haya kam ba a ma magana. Ga mu masu biza an ƙara mana namu daban, kuɗin lafiya na biza ya tashi daga fam 624 zuwa 1,035 a shekara tun Fabrairun 2024, mai mata da yara ya lissafa da kansa.

Sannan gida ma wuta ake ci. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira, fam ɗaya ya zo ya haura naira 2,000. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga abin da rufe boda ya yi wa kasuwa bayan juyin mulkin Yulin 2023, 'yan zangon Kumasi da Nima kuma nasu ya riga namu, hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50 a ƙarshen 2022. Ma'ana wayar da ake bugo mana ta ƙaru a daidai lokacin da aljihunmu ya ragu. Ɗalibanmu da iyayensu ke biya musu makaranta da naira su abin ya fi yi wa illa, kuɗin da aka tanada ya narke a hanya, ga doka ta ce awa 20 kawai za su yi aiki a sati lokacin karatu.

To abin da nake so mu tafi da shi yau, muna yanka a inda bai kamata ba muna barin inda ya kamata. Gidaje nawa aka kashe hita yara na kwana da jaket, uwa na rage nama a miya, amma ankon fam tamanin bai wuce ta ba, maigida kuma wayar da ke hannunsa kontirak ce ta wata 36. Randa na yoyo ta gindi mu kuma muna ta rage wa yara ruwan sha.

Dan Allah kar a yi tsimi da ɗumin ɗaki. Masu kula da lafiya a ƙasar nan sun ce ɗakin da ake zaune kar ya gaza digiri 18, balle inda akwai jariri ko tsoho ko mai asma ko mai sikila, kuma mun san sikila tana cikinmu kuma sanyi na tayar da ita. Gidan da ba a ɗumamawa ba a buɗe taga ana shanya wanki a ciki shi ke yin baƙin fumfunar nan a bango. Nan kusa da mu a Rochdale yaro ɗan shekara 2, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a Disambar 2020 kuma bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi, har aka yi doka da sunansa, dokar Awaab. In kin ga ta fito a bangonki ki ɗauki hoto ki rubuta wa mai gidan a rubuce, kar ki tsaya gogewa kina jin nauyi. Kuma wallahi kar wanda ya shigo da gawayi ko murhun gashi cikin ɗaki don jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari ba a ganinsa, a barci yake kashe mutum, kuma gidajen nan ba irin namu ba ne masu tsakar gida, a toshe suke ruf. A ɗumama ɗakin da ake zaune, a rage na ɗakin da ba kowa, a toshe ƙasan ƙofa, a riƙa tura lambar mita duk wata don kar su yi ta caje ka da ƙiyasi.

Akwai kuɗin da muke biya don kawai ba mu tambaya ba. In kai kaɗai ne babba a gida kana da rangwamen kashi 25 a harajin kansil, wato harajin gida na ƙaramar hukuma, ɗalibi mai cikakken karatu kuma ba a ƙirga shi, amma sai ka kai takardar makaranta, ba wanda zai biyo ka da ita. Wannan rangwamen na zama kai kaɗai daban yake da tallafin harajin kansil na masu ƙaramin ƙarfi, shi wancan yana cikin kuɗin gwamnati da aka hana masu irin bizarmu, kar a haɗa su. Harajin da ake biya wata 10 kana iya cewa a raba maka 12. Mai shan maganin hawan jini da wani abin duk wata, kowane magani fam 9.90 ne, alhali akwai katin shekara na fam 114.50 da zai ɗauke maka duka, mai ciwon suga da ke kan magani ma kyauta ne nasa in ya cike fom wajen likita. Yara 'yan risefshan, wato ajin farko na shiga firamare, da aji 1 da 2 abincin rana kyauta ne ga kowa a makarantar gwamnati, kuma tun 2022 iyalan da bizarsu ta hana tallafi su ma suna iya nema wa manyan yara in albashin bai kai wani mataki ba, ofishin makaranta za a tambaya. Ku zauna da daddare mata da miji ku buɗe ap ɗin banki ku bi dairek debit ɗaya bayan ɗaya, za ku sha mamaki, jim ɗin da aka daina zuwa, Netflix da Prime da wani na yara duk a gida ɗaya, inshorar mota da ta sabunta kanta da tsada ba wanda ya duba.

Cefane kuwa mu Hausawa ba sai an koya mana ba, mantawa muka yi. A gida wa ke sayen shinkafa kofi-kofi in yana da halin buhu? Amma a nan sai mutum ya shiga ƙaramin shagon kan kwana kullum ya sayi kilo ɗaya da tsada. Gida huɗu su haɗa kuɗi a je Cheetham Hill a yi sari, shinkafa da mai da tumatirin gwangwani da albasa, a raba. A yi watanda, a yi magana da mahauci a ɗauki rago guda ko rabin sa a kasa, kowa ya zuba a firiza. Kayan miya kasuwar Longsight ta fi manyan kantuna sauƙi, madara da ƙwai da sabulu a je Aldi ko Lidl, Moston Lane kuma a bar ta ga abin da sai can, daddawa, kuka, manja, doya in ta kama. Wake da garin masara ko semo suna riƙe ciki kuma 'ya'yanmu za su ci in mun saba musu. Wanda ke aikin kiya, wato kula da tsofaffi da marasa lafiya, yana yawo gida-gida ya riƙa ɗaukar kularsa daga gida, fam 7 na abincin waje sau biyar a sati kuɗin wuta ne.

Yanzu ga wajen da na san wasu ba za su ji daɗi ba, iyayena mata ku yi min afuwa. Anko ya yi yawa. Suna anko, walimar sauka anko, bikin da za a yi a Kano mu nan mu yi namu ankon, ga ɗinki ga gwaggwaro ga liƙi ga hol da aka kama, kuma wadda ba ta da shi ba za ta iya cewa ba ni da shi ba, sai ta danna Klarna, ap ɗin sayen kaya bashi, a raba mata biyan kashi uku. Mazan ma ba ku tsira ba, mota ce taku, a ɗauko ta kan bashi mai ruwa don a faka a bakin masallaci ran Juma'a. Malamanmu suna zaune, sun fi ni sanin hukuncin riba, kuma su suka karantar da mu ayar Suratul Furƙan da ta siffanta bayin Allah da cewa in za su kashe ba sa almubazzaranci ba sa ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi. Ni ina roƙon taron nan ya yanke shawara yau, ya zama daga ƙungiya ta fito, a ce suna da walima ba anko sai dai kala, kowa ta sa abin da take da shi, gudummawa kuma a ba ni a ambulan ba a kiran suna ba a faɗin nawa. In ƙungiya ce ta hana, ba wadda za ta ji kunya.

Maganar aike gida ita ta fi nauyi, don ni ma ina da uwa ina da ƙanne. Ba na cewa a daina, Allah ya kiyaye, haƙƙin iyaye ba ya faɗuwa don gas ya yi tsada. Amma a yanka adadi, a ce duk wata ga abin da zan iya, ranar kaza, ta hannun mutum ɗaya, abinci da magani da makaranta a gaba, sauran su jira. Kuma a faɗa musu gaskiya. Su suna jin fam 100 ta kai wajen naira dubu 200 sai su ɗauka tsinta ake yi, ba su san hayarka ta cinye rabin albashi ba, ba za su sani ba kuwa tunda hoton da kake turawa a gaban kanti ne da sabon takalmi. Ka kira mahaifiyarka ka ce Inna ga albashina ga haya ga wuta ga abin da ya rage, wallahi uwa ba ta son ɗanta ya ci bashi don ita, albarka za ta sa maka. Wanda ke karɓar katin bashi ya tura kuɗin bikin ɗan ƙanin baba bai taimaki kowa ba, nan da wata shida shi da iyayen duk za su rasa. Tsarabar akwati huɗu in za a je hutu ita ma a duba ta.

Wanda kuma ruwa ya riga ya kai masa wuya, kar ka ɓoye wasiƙun a ƙasan katifa. StepChange da Citizens Advice da National Debtline suna ba da shawarar bashi kyauta, kamfanin wuta ma in ka kira su kafin abin ya yi nisa dole su tsara maka biyan da za ka iya. Rumbun abinci na sadaka ba kuɗin gwamnati ba ne, zuwa can ba ya taɓa biza, kuma masallatai da dama a garin nan suna rabawa. Adashe yana da kyau muna kuma yi, amma ka shiga zubin da in an rage maka shif wata guda ba za ka kunyata uwar adashe ba, kuma in kwasarka ta zo a fara da bashi da ajiyar kuɗin sabunta biza.

Asusun taimakon gaggawa na ƙungiya yana nan, ni da shugaba da malam ne kawai muke sanin wanda ya nema, kuma haka zai ci gaba. Ga takarda nan a teburin baya wajen shayi, shafi ɗaya na masu shiga sarin shinkafa da mai, ɗaya na watanda, a rubuta suna da unguwa don mu haɗa waɗanda ke kusa da juna, masu mota kuma su sa alama gefen sunansu don ɗauko kaya ran Asabar. Ɗalibai ku rubuta ko ba ku da kuɗin zubi yanzu, za mu yi magana a gefe. Shugaba, ina roƙon a kaɗa ƙuri'a kan maganar anko kafin a tashi sallar la'asar.

Wassalamu alaikum warahmatullah.