Tsakanin Waya da Amfilifaya: A Ina Murya Take Ɓacewa?

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ƙara wa juna sani na masu haya da gyaran kayan sauti a Kano. An rage maimaici kaɗan.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, iyayen gidanmu a wannan sana'a, da ƙannena da na ga sun cika baya, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Watannin baya aka kira ni wata walimar saukar karatu, wai amfilifaya ta lalace. Na tarar yaron da ke kula da kayan ya murɗe ta har ƙarshe, amma karatun can ƙasa-ƙasa yake fita, "shuuu" ta danne shi. Mai walima har ya tashi mutum ya je ya hayo wata. Na ce a dakata, a miƙo mini wayar da aka jona. Ko da na duba, muryarta ba ta kai rabi ba. Ashe da yaron yana ƙarawa wani rubutun Turanci ya fito masa, bai san me ake nufi ba, ya danna ya kore shi, wayar kuwa ta tsaya cak a nan. Na sauke amfilifaya ƙasa, na amsa wa wayar gargaɗinta, na ɗaga muryarta. Karatu ya fito tas. Ba a canza ko kusa ɗaya ba.

Wannan rubutun da ya fito wa yaron, shi ne ya kawo ni nan yau.

Abin da ke fita daga ramin iyafis na waya ba sauti ba ne tukuna, wuta ce 'yar ƙanƙanuwa mai hawa da sauka, da bolt ake auna ta. Kowace na'ura kuma da irin ƙarfin da aka yi ta ta bayar ko ta karɓa. Makirufo yana ba da 'yan milibolt kaɗan, wato kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Kayan sauti na gida an tsara su a kan kusan sulusin bolt, 0.316. Manyan kayan situdiyo da miksoci na ƙwararru suna aiki a kan 1.23. Tsohuwar na'urar CD da muka taso da ita kuwa, idan faifai ya kai ƙololuwa, bolt 2 take fitarwa. Waya fa? Mai kyau ta kai bolt 1, da yawa ba sa kaiwa. Shi ya sa duk wanda ya saba da CD, ranar da ya fara jona waya sai ya ga kamar kayansa sun yi sanyi. Kayan lafiyarsu ƙalau, abin da ake ba su ne ya ragu.

Masu noman rani a cikinku za su gane ni da wuri. Idan ruwan kududdufi ya ja baya, ka ƙure wa injin ban ruwa wuta, me zai zuƙo maka? Laka. Haka amfilifaya take. Ba ta san karatu ba, ba ta san datti ba, duk abin da ta samu a bakinta sai ta ninka shi. Kowane kebul da kowace na'ura suna da ɗan surutunsu na ciki. Idan waya ta ba da murya mai ƙarfi, wannan surutun yana ɓuya a ƙarƙashinta. Idan ta ba da kaɗan, kai kuma ka rama a amfilifaya, to tare ka ɗaga su, karatun da lakar.

To me ya sa waya take riƙe murya? Labarin daga Turai ya faro, kuma ba don amfilifaya aka yi shi ba. A 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman a Japan, mutane suka fara yawo da kiɗa maƙale a kunne. Likitoci suka fara kokawa. A 1996 Faransa ta yi doka cewa kada irin waɗannan na'urori su wuce desibel 100, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Dokar ba ta wasa ba ce, domin a 2002 sai da Apple ya janye iPod daga kasuwar Faransa na ɗan lokaci har ya gyara manhajarsa ta bi ƙa'ida. Daga 2013 abin ya game Tarayyar Turai: na'ura ta tsaya a desibel 85, kada ta wuce sai ta yi wa mai ita gargaɗi ya amince, ko ya amince kada ta haura 100, kuma bayan kowace awa 20 ta saurare ta sake tambayarsa. Suka kuma ƙayyade wutar da ramin iyafis zai fitar, milibolt 150 da sautin gwajin da suka tsara, wanda a aikace yake zuwa kusan rabin bolt idan waƙa ta kai ƙololuwa.

Ga misali a hannu. Wannan 'yar guntuwar adaftar ta Apple da ake jonawa a ramin caji don a samu ramin iyafis, tunda tun daga iPhone 7 a 2016 suka cire ramin, mai bakin USB-C ɗinta iri biyu ce. Wadda ake sayarwa a Amurka tana ba da kusan bolt 1, ta Turai kusan rabinsa. A ido ba za ka bambanta su ba. Rabin wuta kuwa ragin desibel 6 ne, kunne yana jin sa sarai. Mu kuma nan kasuwarmu kowa ya san ta, kaya daga ko'ina shigowa suke, na Landan, na Dubai, na Sin. Sai ka ga abokai biyu da waya iri ɗaya, amfilifaya ɗaya, ta wannan tana tashi, ta wancan tana noƙewa, har a fara zargin an yi wa wani canjen kaya a wurin gyara.

Ni dai a ganina dokar nan tana da kyau, kuma zan dawo kanta. Matsalarta ɗaya ce: waya ba ta da ido. Idan ka cusa mata fulogi, ba ta san ko kunnen yaro ne a ɗaya bakin ko miksa ba. Kai ne za ka gaya mata. A Android, idan gargaɗin ya fito ka amsa masa, kuma ka san zai dawo wata rana, watakila ana tsakiyar taro. A iPhone, idan ta Bluetooth ka jona, ka shiga wurin sunan na'urar ka zaɓa mata nau'i, sifika ce ko rediyon mota, don kada ta riƙa lissafa ta a matsayin abin kunne tana rage maka murya da kanta.

Yanzu ɗaya gefen, wanda ya fi cin kuɗi. Wancan kuskuren kunya kawai yake jawowa, wannan kuwa ƙona kaya yake yi. Shi ne jona waya a ramin da aka rubuta MIC. Na faɗa muku makirufo 'yan milibolt yake bayarwa, saboda haka bayan wannan ramin akwai abin da ke ninka sigina sau ɗari, har zuwa sau dubu. Ka kawo rabin bolt ko bolt guda ka zuba a nan. Kamar ka ɗauko hatsin mudu biyar ka ce sai ya shiga mudu ɗaya. Abin da ya yi tozo sharewa za a yi. Haka saman igiyar sautin yake yankewa ya zama shafaffe, murya ta tsage, mai karatu ya koma kamar yana magana ta cikin gwangwani. Kuma wannan tsagewar tana tura wa tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ƙarfin da ba a yi ta don shi ba, koyil ya yi zafi ya ƙone. Sau nawa aka kawo muku tuwita a ƙone mai ita yana rantsuwa bai ƙure murya ba? Gaskiya ya faɗa. Tun daga ƙofar shiga sautin ya lalace, rage masta, wato babban maɓallin murya na ƙarshe, ba ya gyara shi, sai dai ya rage masa ƙara.

Ramin da za ka jona waya a jikin amfilifaya shi ne wanda aka rubuta AUX, ko LINE, ko CD, ko TAPE. Masu tsofaffin amfilifayoyin nan na Japan, ku kiyayi wanda aka rubuta PHONO. Na garmaho ne, shi ma ninkawa yake yi sosai, ga shi yana ƙara kauri yana rage kaifi.

Ga yadda nake yi a kowane fili, ban taɓa fasawa ba. Kafin in jona komai, masta yana ƙasa. In kashe duk wani ƙarin bes da ikwalaiza na cikin wayar. In sa ta a alamar jirgin sama, domin kira ɗaya ko saƙon WhatsApp ɗaya a kan sifiku takwas ya isa ya firgita jariri. Sannan in ɗaga muryar wayar. Idan mai kyau ce, har ƙarshe. Idan ƙaramar waya ce ko irin 'yan MP3 ɗin nan masu araha, in dawo baya taki ɗaya ko biyu, saboda da yawansu a can ƙarshe su ma tsagewa suke yi. Sai in ɗauko abin da ya fi kowanne ƙara a cikin memorin, in murɗa gen, wato maɓallin ƙarfin shigar sauti na layin da na jona wayar, har jar fitila ta fara ƙiftawa, in koma baya kaɗan ta mutu. Daga nan ba na sake taɓa waya. Masta ne kaɗai zai yi magana da jama'a.

Na ce abin da ya fi kowanne ƙara, da dalili. Memorin da masu tura waƙa suke cika mana gauraye ne. Tafsirin da aka kwafo daga tsohon kaset yana nan a kwance, ga waƙar da aka haɗa bana a situdiyo an matse ta har wuya. Idan ka saita kayanka a kan tafsirin, ranar da waƙar ta biyo baya sai ta Allah.

Yanzu in dawo kan kunne, kuma ina roƙon ƙannena na baya su ajiye waya su saurare ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya rabu biyu. A desibel 90 awa 4 ke nan a mako. A 100, ko rabin awa bai cika ba. A 2022 hukumar ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da shagali, ta ce matsakaicin ƙara kada ya haura desibel 100. Ku kuwa da kuke tsayawa gaban sifika daga la'asar har dare, kowane ƙarshen mako, ku yi wa kanku lissafi. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kamar gashi, su ne suke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Wannan "wiii" da kake ji idan ka kwanta bayan biki, kukansu ne. Ina da abokan sana'a da yanzu sai an maimaita musu magana sau biyu, ba su kai shekara hamsin ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin mai kayan sauti da kunnensa yake cin abinci.

Akwai kuma tarkon da ni na ɗana muku da bakina yanzun nan. Na ce ku ƙure muryar waya don amfilifaya. To waya tana riƙe inda aka bar ta. Ka tashi daga aiki, ka zare kebul, ka cusa iyafis a rami ɗaya, duk wannan ƙarfin a dodon kunnenka zai sauka. Ko ɗanka ya ɗauka ya saka. Saboda haka kafin ka zare, ka sauke ta ƙasa da rabi, ya zame maka jiki kamar kashe janareta.

Na ga hannu. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya ce amfilifayar masallacinsu baki ɗaya take karɓa, kuma idan an sa karatu daga waya, wani lokaci muryar takan yi siriri ko ta ɓace.)

Allah ya ƙara girma, Baba. Waya hannu biyu take fitarwa, hagu da dama, amfilifayarku kuwa ɗaya take so. Abin da yara suke yi shi ne su fere kebul su murɗe jar igiya da fara wuri ɗaya. Hakan yana sa ɓangarorin biyu na wayar suna ture juna, sauti ya dagule, wayar ma tana wahala. A sa mai gyara ya ɗora wa kowace igiya rezisto na kusan om 1,000 kafin a haɗe su, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Idan kuma murya ta yi siriri kamar daga rijiya, a duba fulogin. Mai zobe uku na iyafis mai makirufo ne, ba kowane rami yake zama daidai a cikinsa ba. A nemo mai zobe biyu.

(Wani direba ya ce idan ya jona waya da rediyon motarsa yana jin wani fito mai tashi duk lokacin da ya taka totur.)

Malam, tana caji a lokacin, ko? Na sani. Wayar ta haɗu da motar ta hanya biyu, ta caja da ta kebul ɗin sauti, sai dattin wutar altaneta ya samu hanyar zagayawa. Shi ya sa fiton yake bin totur. A fili ma haka ne, sai dai can gurnani za ka ji, "guuu", na wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa. Zare cajar ka ji, zai ɗauke nan take. Idan tafiyar mai nisa ce, ka yi cajin da fawa banki, ko ka sayi ɗan ƙaramin taransfoman nan da ake sawa a tsakiyar kebul ya raba su. Motar tana waje? To idan an shafa fatiha ka jira ni a bakin ƙofa, mu je in ji da kunnena.