Igiyar da ke miƙewa, ita ce ke ceton mai hawan dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku dubi igiyoyin nan biyu da ke hannuna. Wannan ta guga ce, irin wadda muke saye a kasuwa nan Sakkwato. Wannan kuwa ta masu hawan dutse ce. A ido kusan ɗaya suke, amma in mutum ya suɓuto daga sama, ta gugan tana iya karya masa baya ko da ba ta tsinke ba.

Dalili kuwa, ba ta miƙewa. Farat ɗaya take tsayar da mutum, jikinsa ya sha duk fizgar. Ita ta hawa, ku matso ku gani: zaren nailan ne murɗaɗɗe a ciki, da saƙaƙƙiyar riga a waje mai kare shi daga kaifin dutse. Kamfanin Edelrid na Jamus ne ya fito da irinta a 1953. Tana miƙewa ta shanye fizgar a hankali. Ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, ba ta amincewa da igiyar da za a hau da ita tilo sai an jefo nauyin kilo 80 da ita aƙalla sau 5 ba ta tsinke ba.

Kuma don Allah kada mutum ya ɗaura ta a kan cikinsa tsirararta, ratayuwa a haka na toshe numfashi. Akwai ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, a jikinta ake ƙulla igiya.

Ga ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, karabina. A tsaye tana ɗaukar kusan tan 2, amma da ta juya a karkace, ƙarfinta ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa nake duba tawa sau biyu kafin in ɗaga ƙafa.

Hular kwano dole ce, ko don tsakuwar da ke gangarowa. Abokin da ke ƙasa yana riƙe wa mai hawa igiya kuma, ko yana da na'urar Grigri mai cije igiya da kanta, kada hannunsa ya saki igiyar.

Matasanmu masu zuwa Kwatarkwashi a Zamfara, kun san ranar garin nan. Tana cinye nailan, ruwan batir kuma ya fi ta ɓarna, domin yana ruɓar da zare ba tare da alama ba. Igiyar da ta kwana kusa da batir a bayan mota, a yanka ta a jefar.