Amsoshin Tambayoyinku: Waya da Yaro Mai Galahanga

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Tudun Wadan Zariya. Ta ce ɗanta mai galahanga, wato larurar da Turawa ke kira autism, wuni yake kan waya, ba ya shiga cikin yara. Ta ji ana cewa akwai wasannin kwamfuta da ke koya wa irinsu cuɗanya da mutane, shin gaskiya ne?

To Hajiya, akwai su, amma ba irin waɗanda ake miƙa wa yaro ya shige ɗaki ba. Masu tsara su da gangan suke yin wasan ta yadda yaro ɗaya ba zai iya kai shi ƙarshe shi kaɗai ba. A 2006 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada wani wasa mai suna SIDES a kan teburi mai allon taɓawa, wanda ke gane wanda ya taɓa shi. Yara huɗu ne ke haɗa wa kwaɗo hanya, kowa da nasa guntayen. In ba a zo kanka ba, ko ka danna, teburin ba zai kula ka ba. Na'ura ba ta tsawa, ba ta sauya doka yau da gobe, kuma yawancin yaran nan sun fi samun natsuwa da abin da suka san yadda zai kasance.

Wannan teburi dai ba za ki same shi a kasuwar Sabon Gari ba, amma dabarar ba ta buƙatar kuɗi. Wani masani, Daniel LeGoff, da tubalan Lego, wato ƙananan tubalan roba na wasan yara, ya yi nasa: yaro ɗaya ya duba zane ya yi bayani, na biyu ya miƙo tubali, na uku ya gina. Ke ma ki zaunar da shi da yayarsa kan waya guda, ki rage ƙara, su riƙa karɓa-karɓa. Ki zauna tare da su, don abin da aka koya a allo ba ya bin yaro tsakar gida sai an maimaita shi a can.

Sai wani malamin firamare daga Samaru, ya ambaci wani yaro mai galahanga, yana tambaya ko mutum-mutumi mai aiki da na'ura, wato robot, na warkar da ita. A'a Malam. Akwai Kaspar, na jami'ar Hertfordshire a Ingila, wanda yara ke gwajin gaisuwa da jiran juna da shi, amma ba magani ba ne. Yaron da ka ambata, ka shawarci iyayensa su kai shi asibitin koyarwa na Shika likitocin yara su duba shi tukuna.