Yadda ake haɗa ƙungiya a NFL: zaɓen matasa da iyakar albashi

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya saba da ƙwallon Turai ya san yadda ake yi: mai kuɗi ya shiga kasuwa ya ɗauko wanda ransa yake so, ƙaramar ƙungiya kuma ta raini yaro, yana fara haskawa manya su zo su ɗauke shi. A gasar NFL ta Amurka, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake rungumewa ana gudu, abin ba haka yake ba. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma komai dukiyar mai ƙungiya, akwai dokoki biyu da suka ɗaure masa hannu.

Ta farko ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda suke kira diraf. Tun 1936 ake yin sa. A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, ƙungiyoyin suna zaɓar matasan da suka fito daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya, har zagaye bakwai. Wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, wadda ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, kuma sai kowa ya gama. Yaron da aka zaɓa ba ya cewa ga garin da yake so. Lambar zaɓen ma haja ce, ana musayarta da ɗan wasa ko da wasu lambobin, har da na shekarun da ba su zo ba.

Doka ta biyu ita ce iyakar albashi. Akwai adadin da ba a yarda kowace ƙungiya ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta a shekara. Da aka fara a 1994, dala miliyan 34.6 ne. A 2025 ya kai dala miliyan 279.2. Adadin yana bin kuɗin da gasar ta samu ne, musamman na talabijin, shi ya sa a 2021 ya sauko bayan korona ta hana 'yan kallo shiga filaye. Kuɗin da yawa, amma ku tuna mutum 53 ne za su ci a ciki, kuma a 2024 Dak Prescott na Dallas shi kaɗai ya sa hannu a kan dala miliyan 60 a shekara.

To ina dokokin biyu suka haɗu? A yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi suka yi da ƙungiyar 'yan wasa a 2011. Kafin nan, yaron da bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba yana iya fin tsofaffin hannu albashi. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya samu kwantaragin dala miliyan 78, an ba shi tabbacin miliyan 50 ko ya yi ko bai yi ba. Shekara ɗaya bayan haka Cam Newton, shi ma lamba ta ɗaya, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Daga nan albashin sabon ɗan wasa ya zama ƙayyadadde, lambar da aka zaɓe shi ita ke yanke masa. Shekara huɗu zai yi a haka, na zagayen farko kuma ƙungiya tana iya ƙara masa ta biyar.

Ga inda dabarar take. Wurin da ya fi kowanne tsada shi ne na kwatabak, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari. Idan ka dace da gwani a diraf, kana da shekara huɗu ko biyar da za ka biya shi kuɗin yaro yana yi maka aikin manya, rarar kuma ka zuba ta a sauran wurare. Haka Seattle ta yi da Russell Wilson, wanda ta ɗauka a zagaye na uku a 2012: ta tara masu tsaron baya na ji da gani, ta lallasa Denver 43 da 8 a wasan ƙarshe a farkon 2014.

Sai dai zaɓen nan, in za a faɗi gaskiya, rabinsa sa'a ce. Ku dubi San Francisco. A 2021 ta sadaukar da lambobinta na zagayen farko na shekara uku don ta ɗauki kwatabak Trey Lance, wasa huɗu kacal ya fara mata. Shekarar da ta biyo, a lamba ta 262, ta ƙarshe a diraf ɗin gaba ɗaya, ta ɗauki wani kwatabak ɗin, Brock Purdy. Shi ne ya kai ta wasan ƙarshe a 2024, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba. Masu farautar 'yan wasa iri ɗaya, ofis ɗaya.

Kuma ranar biyan bashi tana nan tafe. A 2025 Purdy ya sa hannu a kan dala miliyan 265 na shekara biyar, kuma tun kafin nan ƙungiyar ta fara rabuwa da manyan 'yan wasanta, har da Deebo Samuel. A ganina Kansas City ce ta fi iya tsallake wannan siraɗi. Bayan ta ba kwatabak ɗinta Patrick Mahomes kwantaragin shekara goma a 2020, sai a 2022 ta miƙa Tyreek Hill, gwaninta na cafe ƙwallo, ga Miami, ta karɓi lambobin zaɓe biyar. Magoya baya sun yi ta ƙorafi. Ta cike gurabe da matasa masu arha, ta ci kofi biyu a jere.

Akwai kuma wasan alƙalami. Kuɗin sa hannu ana biyan ɗan wasa nan take, amma a littafin lissafi ana raba shi har shekara biyar. Misali, ka ba shi miliyan 50 yau, a rubuce miliyan 10 ne kowace shekara. Shi ya sa za ku ji ƙungiya ta mayar da albashin wani kuɗin sa hannu don ta samu sarari a bana. Amma idan ka sallame shi bayan shekara biyu, ragowar miliyan 30 ɗin nan za ta faɗo maka, kana lissafa ta a kan mutumin da yake buga wa wata ƙungiyar. Wannan shi ake kira mataccen kuɗi.

Denver ta ɗanɗana. A 2022 ta karɓo Russell Wilson ɗin nan daga Seattle, ta ba shi kwantaragin dala miliyan 245. Kaka biyu ya yi abin bai yi daɗi ba, a watan Maris na 2024 ta sallame shi, mataccen kuɗi dala miliyan 85 ya hau kanta, ta raba shi shekara biyu. Da aljihu a ɗaure haka, sai ta koma diraf ta ɗauki kwatabak Bo Nix a lamba ta 12, kuma a kakarsa ta farko ya kai ta wasannin sili-ɗaya-ƙwale, inda rabonta da zuwa tun kakar 2015.