Na'urar hoto da ke zuwa ta tarar da majinyaci

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Duk wanda ya taɓa jinya ya san ranar da likita zai duba ya ce sai an yi hoto. In a cikin birnin Damagaram kake, da sauƙi, ga babban asibiti nan. To, mace mai cikin wata takwas a wani ƙauye bayan Tanut fa, ko tsohon da ya karye a ƙugu can ƙasar Gure? Kafin a kai bakin kwalta sai an shimfiɗa su a amalanke an keta rairayi, sannan a shiga neman kuɗin mota. Sau da yawa tafiyar ba ta yiwuwa, sai a ce a bari a gani.

Shi ya sa masu ƙera kayan asibiti suka daɗe suna neman yadda na'ura za ta je inda majinyaci yake kwance. Tun 1914, a yaƙin duniya na farko, Marie Curie ta ɗora na'urar radiyo, wato mai ɗaukar hoton ƙashi da hasken X-ray, a cikin motoci a Faransa, injin motar ne ke ba ta wuta, ana bin sojojin da suka ji rauni har kusa da fagen daga.

A ganina wadda ta fi yi mana amfani a nan ita ce eko. Kamar dai mutum ya leƙa rijiya ya yi kira, muryarsa ta dawo masa. Kan na'urar yana aika sauti mai tsinin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi ƙashi, tsoka ko ruwa, ya dawo, kwamfuta ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta zana hoto. Ba ruwanta da hasken radiyo, don haka ake yi wa mai ciki. Da can tana da girman firji, ana tura ta bisa tayoyi. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Butterfly iQ, wadda ake riƙewa a hannu a jona da wayar salula. Ku duba yadda ake yi: ungozoma ta shafa jel a cikin, ta ɗora kan na'urar, sai ga zuciyar jariri tana bugawa a fuskar waya. Nan take za a san ko tagwaye ne, ko ɗan ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi eko sau ɗaya kafin mako 24.

Radiyon ƙirji ma ya ƙanƙance, har ana goya shi a jakar baya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda kwamfuta ta karanta hoton don zaƙulo masu alamun tarin fuka, daga shekara 15 zuwa sama.

IRM, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ita ce mai wuyar sha'ani. Ta asibiti maganaɗisunta yana da ƙarfin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 1.5 ko 3, sai an sanyaya shi da ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, nauyinta tan da yawa. Kamfanin Hyperfine ya rage ƙarfin zuwa tesla 0.064, ya fito da Swoop, aka amince da ita a 2020. Ana tura ta bakin gado, a jona a soket na bango. Kai kaɗai take ɗauka, hotonta bai kai na babbar kyau ba, kuma har yanzu ta fi kilo 600, wato ta zagaya cikin asibiti ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsara waɗannan na'urori a ɗaki mai sanyi, alhali a watan Afrilu zafin Damagaram yana haura digiri 40. Ƙaramar na'urar eko in ta ɗau zafi kashe kanta take yi, ga mata a layi suna jira. In an sa mata fanka, da hunturu ƙura za ta zuƙa. Gara a rufe jikinta ruf, ƙarfen jikin ya riƙa fitar da zafin. Wuta kuma ba a ko'ina take ba, dole ta yi caji da hasken rana ko batirin mota, batirinta ya zama wanda mai gyara a garin nan zai iya cirewa ya canza. Wasu kamfanoni suna neman kuɗin rajista duk shekara, ko su sa na'urar ta dogara da intanet. Wannan bai dace da ƙaramin asibitin karkara ba ko kaɗan. Hatta jel ɗin sai an yi tunanin inda za a riƙa samo shi.

Sai hannun da zai riƙe ta. Ƙwararrun masu karanta hoto kaɗan ne, yawancinsu suna manyan birane, Yamai kuwa tana nesa da mu kusan kilomita 900. Akwai dabarar da ake koya wa ma'aikaciyar lafiya ta bi wasu layuka da aka tsara a kan cikin, na'ura ta adana hoton, likita ya duba daga nesa, ko manhajar ta nuna inda take zargin matsala. In aka ga mabiyiya a gaba, tafiyar tana nan, amma za a yi ta tun da sauran makonni, matar na zaune da ƙarfinta, dangi sun haɗa guzuri. Hotonta ya riga ta isa ta waya, likitan da zai yi mata aiki ya gani, ya sa a tanadi jini kafin ranar.